Masu Kallo Sun Yi Yawa, Ina Masu Saye?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau da masu sayar da kaya ta intanet za mu zauna: Hajiya mai atamfa da leshi da ke ɗora kaya a WhatsApp, matashin da ke tallar wayoyi a Facebook, mai turaren wuta da humra a Instagram, mai kilishi a TikTok, har da wanda Allah ya hore wa ya buɗe shafin kansa, ko ya kama gurbi a Jumia ko Jiji. Kukan nasu kusan ɗaya ne. Mutane suna gani, suna yabawa, "ma sha Allah" ta ko'ina, amma ciniki shiru.

Da zarar an shiga wannan hali, abin da ke fara zuwa ran ɗan kasuwa shi ne ƙarin talla. A biya Facebook ya tura hoton gaba, a nemi wata mai mabiya da yawa ta tallata, a roƙi 'yan uwa su yaɗa. Talla tana da ranarta. Amma ina so mu yi wani ɗan lissafi tukuna, kowa ya bi ni a hankali.

A ce mutum dubu ne suka ga kayanka a wannan watan, goma suka saya. Ɗaya cikin ɗari ke nan. Idan ribar kowane ciniki naira dubu uku ce, ka tashi da dubu talatin. Kana son ta zama dubu sittin. Hanya ɗaya ita ce ka jawo ƙarin mutum dubu, kuma wannan kuɗi ne za ka kashe, wata mai zuwa ma ka sake kashewa. Ɗaya hanyar ita ce cikin dubun nan da suka riga suka zo da ƙafarsu, ka sa ashirin su saya maimakon goma. Wannan ba ya cin kuɗin talla ko sisi, kuma gyaran da ka yi yau zai ci gaba da yi maka aiki gobe. Kada wani ya raina waɗannan alƙaluma. Manyan shagunan intanet na duniya ma galibi biyu ne zuwa uku cikin ɗari na masu ziyara suke saye. Duk wanda ya matsa daga ɗaya zuwa biyu ya ninka cinikinsa.

To me ke hana sauran saye? Ku tuna yadda ciniki yake a Kantin Kwari. Mace ta tsaya bakin rumfa, ta ɗaga turmin atamfa, ta murza, ta kai hanci, ta ce a warware mata ta ga zanen. Ta tambaya ko tana zuba. Ta ce nawa, a faɗa, ta taya, a ce albarka, ta ƙara, a sallama. Duk shakkar da ta taso mata, mai rumfa yana tsaye yana kashe ta nan take. Shafinka na intanet rumfa ce da babu kowa a ciki. Mai saye ba za ta taɓa ba, ba za ta shinshina ba, ba ta ga fuskarka ba, kuma wataƙila ƙarfe ɗaya na dare take kallo, kana barci. Saboda haka duk tambayar da za ta yi a bakin rumfa, dole amsarta ta riga ta zauna a kan shafin tana jiran ta. Tambayar da ba ta sami amsa ba, nan cinikin yake mutuwa, kuma ba wanda zai dawo ya faɗa maka dalili.

Mu fara da kuɗi, domin a nan cutar tamu ta fi tsanani. Ka ga kaya sun burge ka, ka duba ƙasa, sai ka ga an rubuta "a zo inbox". Mutum ashirin sun tambaya nawa a fili, duk amsa ɗaya aka ba su, a zo inbox. Jama'a, wannan ɗabi'a tana korar masu saye fiye da yadda ake zato. Wani kunya yake ji, kada ya tambaya a faɗa masa abin da ya fi ƙarfinsa ya rasa yadda zai zame. Wata kuma zargi take yi, cewa sai an leƙa hotonta an auna ta kafin a yanka mata farashi. Mafi yawa kuwa ba su da lokacin. Suna wucewa wurin wanda ya rubuta nasa.

Na san hujjar masu ɓoyewa, kuma ba duka ce ta banza ba. Suna cewa abokan hamayya za su gani su karya farashi. To ai wanda yake son sanin farashinka, da wayar ƙanwarsa zai tambaya, kuma za ka faɗa masa har da godiya. Suna cewa kaya na tashi kullum, abin da ka rubuta yau gobe ya zama asara. Wannan gaskiya ne, mun ga yadda canjin dala ya wahalar da 'yan kasuwa. Maganinsa ka rubuta farashi tare da rana: farashin wannan makon ke nan. Suna cewa Bahaushe ba ya saye sai ya taya. To rubuta kuɗin, ka ƙara da cewa akwai ragi ga mai ɗaukar uku ko mai sari. Ka bar ƙofar tayi a buɗe, amma ka ba mutum wurin da zai fara.

Bayan kuɗin kaya sai kuɗin kai kaya. Akwai wata cibiyar bincike a ƙasar Denmark mai suna Baymard, wadda ta daɗe tana nazarin yadda mutane ke sayayya a intanet. Ƙididdigarta ta nuna kusan bakwai cikin kowane goma da suka zaɓi kaya suka zuba a kwandon sayayya, tafiyarsu suke yi ba su biya ba. Kuma cikin dalilan da suke bayarwa, babba shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe, kuɗin aike da haraji da makamantansu. Mu ma haka take faruwa, sai dai namu a cikin hira ne. An gama ciniki, mai saye ya nemi lambar asusu, sannan a ce masa af, akwai kuɗin mota, akwai na ɗan aiken da zai kai tasha. Sai ka ji "bari zan yi maka magana", shi ke nan an tafi. Faɗi tun farko: cikin gari kaza, Kaduna da Abuja kaza, Maiduguri da Yola kaza, kwana nawa kaya ke yi a hanya, a tasha za a karɓa ko har gida. Idan kana aikawa Maraɗi ko Damagaram, rubuta haka, ka faɗi yadda mai sefa zai biya ka. Mutum yana jure tsada idan ya san da ita tun farko. Wadda aka ɓoye masa ce ke sa shi jin an yi masa wayo.

(Ɗan kiɗa)

Yanzu sai hoto, kuma a nan zan ɗan daɗe. Da yawa cikinmu hoton kamfani muke ɗorawa, ko wanda muka kwaso daga shafin wani. Shadda tana ƙyalli a jikin wani Balarabe, takalmi a ƙafar wata Baturiya. Mai saye ya riga ya ga wannan hoton a wurare biyar, ya san ba naka ba ne. Kuma kowa ya ga irin hotunan da ake yaɗawa ana dariya, ga abin da na yi oda, ga abin da aka kawo mini. Wannan dariyar ita ce tsoron da ke cikin zuciyar duk wanda ya tsaya a shafinka. Ba wanda yake son cinikin biri a sama.

Ɗauki hoton da kanka, na ainihin kayan da ke hannunka. Goge gilashin kyamarar da gefen riga, domin da yawa cikin hotunan da ke fitowa da hazo maiƙon hannu ne kawai. Fita da hantsi ka tsaya a inuwa, ko kusa da taga, kada ka ɗauka da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki, yana mayar da ruwan toka ya koma ruwan ƙasa. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka kawar da bokiti da takalman yara daga baya. Kada ka ƙara wa hoton kala da manhajar gyaran hoto. Idan atamfa ce, a ga turmin a naɗe, a gan shi a warware, sannan a matso kusa har a ga saƙar zaren. Idan kwalbar humra ce, riƙe ta a hannu, domin kwalba ita kaɗai a hoto ba a sanin girmanta, mai saye ya yi zaton babba ce, a kai masa 'yar mitsitsiya, rigima ta tashi. Idan waya ce ta hannu, kunna ta a bidiyo na daƙiƙa goma sha biyar, juya ta gaba da baya, nuna lafiyar batir, nuna inda ta ƙoje a kusurwa.

E, nuna inda ta ƙoje. Na san wani yana cewa wa zai tallata aibin kayansa? Ai mun taso muna jin labarin da ya zo a hadisi, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tulin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani. Algus a hoto algus ne. Kuma ko ta fuskar riba, wanda ya ga ka nuna masa tabo da kanka, zai yarda da kai idan ka ce batirin lafiya lau yake.

Amma a kula da nauyi. Mai shafin kansa da ya cika shi da manyan hotuna da bidiyo mai kunna kansa, yana cinye datar mutane yana kuma gwada haƙurinsu. A shekarar 2016 kamfanin Google ya fitar da bincike cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. To ina ga mai ƙaramar waya a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa? Rage nauyin hotuna kafin ka ɗora. Sannan ari wayar da ta fi taka rauni, kashe wayfai, ka buɗe shafin naka ka ga abin da mutane ke gani.

Bayanin kaya kuwa ba ya son dogon Turanci. "Kaya masu inganci da rahusa" ba bayani ba ne, kowa haka yake cewa. Yadi nawa ne? Auduga ce zalla ko da haɗin roba? Tana zuba a wankin farko? Takalmin daga lamba nawa zuwa nawa ake da shi? Kilishin mai yaji ne sosai, kuma yaushe aka yi shi? Ga wata dabara mai sauƙi. Koma cikin hirarrakinka na wata guda, ka tsamo tambayoyin da aka fi maimaita maka. Su ne bayanin da shafinka ya rasa. Rubuta amsoshinsu a ƙarƙashin hoton, da harshen da masu sayenka suke ji. Idan Hausawa ne, yi musu Hausa. Kuma tunda akwai masu kuɗin saye da karatun boko bai zauna musu ba, faɗi kuɗin da girman da bakinka a cikin bidiyon.

Wani abu kuma da ke wahalar da mu: hoto sittin a jere a status ɗin WhatsApp, har layin da ke sama ya koma ɗige-ɗige. A shekarar 2000 wasu masana biyu a Amurka, Sheena Iyengar da Mark Lepper, sun wallafa gwajin da suka yi a wani kanti a Kalifoniya. Wani lokaci su jera jam ɗin shafa wa burodi iri 24, wani lokaci iri 6 kacal. Teburin mai 24 ya fi tara jama'a, amma kusan uku cikin ɗari ne suka saya. A teburin mai 6, kusan talatin cikin ɗari suka saya. Daga baya wasu masu bincike sun nuna ba a kowane hali haka ke faruwa ba, don haka ba doka ba ce. Amma duk wanda ya taɓa danna status ɗin mai kaya har yatsansa ya gaji ya san inda maganar ta dosa. Zaɓi biyar ko shida na yau. Sauran ka jera su a kundin kaya na WhatsApp Business, wanda kyauta ne, kuma tun 2019 yake da wurin sa hoto da suna da farashi. Abin mamaki, da yawa suna da manhajar a waya ba su taɓa buɗe wurin ba.

(Ɗan kiɗa)

To mutum ya gamsu, yana son saye. Me zai yi? Wannan tambayar sai ka ga shafi bai amsa ta ba. Lambar waya uku, wata ba ta shiga, wata ta ƙanin mai kaya ce. Abu ɗaya za ka ce masa ya yi, kuma ya fito fili: danna nan ka yi oda. WhatsApp yana ba ka damar haɗa adireshin da mutum zai danna ya faɗo kai tsaye cikin hirarka ba sai ya adana lamba ba, har da saƙon da aka riga aka rubuta masa.

Masu shafin kansu kuma su saurari wannan labarin. Wani masanin tsara shafuka a Amurka, Jared Spool, ya ba da labarin wani babban kamfanin sayar da kaya da ke tilasta wa mutane yin rajista kafin su biya. Sababbi ba sa so, tsofaffi kuma sun manta kalmar sirrinsu. Aka cire tilascin, aka bar mutum ya wuce ya biya, rajista sai in ya ga dama. Masu saye suka ƙaru da kashi 45 cikin ɗari, kamfanin ya sami ƙarin dala miliyan 300 a shekara guda. Ba sabon kaya aka kawo ba, ba a rage farashi ba. Shinge ɗaya aka ɗauke. Kai ma duba fom ɗinka. Me za ka yi da ranar haihuwar mai sayen yaji? Suna, lambar waya, inda za a kai, sun isa.

Wurin biya shi ne inda zuciya ke bugawa, domin kusan kowa ya san wani da ya tura kuɗi aka toshe lambarsa. Sunan shagonka daban, sunan asusun da ka bayar daban, ka ce na maƙwabci ne? Ko ni ba zan tura ba. Sunan asusu ya dace da sunan da aka san ka da shi, kuma idan da hali yi wa sana'ar rajista a hukumar CAC ka buɗe asusu da sunanta. Faɗi unguwar da kake, in da shago a ga hotonsa. Rubuta abin da zai faru idan kaya suka zo ba daidai ba: ana canzawa, cikin kwana nawa, wa zai biya kuɗin mota. Masu kaya suna gudun wannan magana kamar ita ce za ta jawo dawo da kaya, alhali rashinta ne ke hana a saya tun farko. A cikin gari kuwa, idan za ka iya, bari a biya bayan an karɓa, ko a ba da rabi.

Shaidar waɗanda suka saya tana da ƙarfi ƙwarai, fiye da duk yabon da za ka yi wa kanka. Sai dai ka nemi izini kafin ka ɗora saƙon wani, ka rufe lambarsa da hotonsa. Matar aure ta yi maka godiya a asirce, ka watsa lambarta ga duniya, wannan cin amana ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Shaidar ƙarya kuwa, wadda mutum ke rubuta wa kansa da wayarsa ta biyu, ana ganewa. Haka ma "saura biyu kacal" da ake rubutawa kullum har wata uku. Ranar da kayan suka kusa ƙarewa da gaske, ba mai yarda.

Sai saurin amsa. Wanda ya yi sallama da azahar ka amsa masa bayan isha, ya riga ya saya a wani wuri. In ba ka kusa, sa saƙon da ke amsawa da kansa ya faɗi lokacin da za ka dawo, kuma ka dawo a lokacin.

Wani zai ce duk wannan ra'ayin mai gabatarwa ne, ta yaya zan san zai yi aiki a nawa kayan? Madalla da wannan tambaya, domin ko masana ba sa yarda da zato. Lokacin yaƙin neman zaɓen Barack Obama na 2008, ma'aikatansa sun gwada fuskoki daban-daban na shafin da ke neman mutane su ba da adireshinsu na imel: hotuna, bidiyoyi, da kalmomin da ke kan maɓallin dannawa. Su ma'aikatan bidiyo suka fi so. Da aka ƙirga, bidiyoyin ne suka zo baya. Hoton Obama da iyalinsa ne ya yi nasara, tare da maɓallin da ke gayyatar mutum ya ƙara sani, masu rajista suka tashi daga kusan 8 cikin ɗari zuwa sama da 11. Da sun bi son ransu, da sun yi asara ba su ma sani ba.

Kai ba ka buƙatar injiniya. Littafi ɗan naira kaɗan ya isa. Ja layi uku: nawa suka gani, nawa suka yi magana, nawa suka biya. Status yana nuna maka adadin masu kallo, Instagram da Facebook ma suna nunawa. Idan masu gani da yawa, masu magana kaɗan, matsalar tana hoto ko farashi ko bayani. Idan masu magana da yawa, masu biya kaɗan, duba kuɗin aike, da saurin amsarka, da yardar da aka yi maka. Canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Ba shi mako biyu, kada ka yanke hukunci da cinikin kwana ɗaya. Kuma kada ka gwada makon jajibirin Sallah da makon tsakiyar wata, ka ce dabararka ce ta kawo kasuwa.

Lokaci ya yi mana halinsa. Ga aikin da zan bar muku kafin mako mai zuwa. Miƙa wayarka ga wani da bai san kasuwancinka ba, ƙanwarka ko maƙwabcinka, ka ce ya yi kamar zai sayi abu ɗaya a shafinka. Kada ka ce masa uffan, zauna ka kalla. Duk inda ya tsaya, duk tambayar da ya ɗago kai ya yi maka, rubuta ta, ka gyara wurin a daren nan. Idan kuma har yanzu akwai "a zo inbox" a ƙarƙashin kayanka, daga nan za ka fara. Ku aiko mana da abin da kuka gani, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. 

(Kiɗan rufe shiri)